Saukar Buzuzu Ta Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka gaji da zaryar kotu, iyalan Mai Rufi na layin bayan tasha suke sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa ɗaga kai ya gan shi yana wucewa, rasuwar ɗan jirginsu mara matuƙi, wanda aka fi sani da Buzuzu. Ya rasu a bakin aiki, a saman wani ɗakin ajiyar kaya, bayan gajeriyar jinya da ba shi ya jawo wa kansa ba.

Iyalan suna ba jama'a haƙuri a kan jinkirin wannan sanarwa. Rasuwar ta kwana biyu, har ciyawa ta fito ta bushe ta sake fitowa a wurin da ya faɗi. Abin da ya hana a faɗa tun da wuri shi ne gawar ba ta hannunsu. Kotu ce ta riƙe ta a matsayin shaida, a cikin leda mai lamba, kuma lauya ta ja kunnen kowa cewa kada a yi magana sai an gama shari'a. A makon jiya aka gama, aka sako gawar, aka kawo ta gida cikin kwalin takalmi.

Ga wanda bai san gidan ba, Mai Rufi kafinta ne na saman gida. Tun yana saurayi yake taka kwanon mutane, har ta kai idan ya shiga unguwa rufi yake fara gaisarwa kafin masu gidan. Wata rana tsani ya zame da shi a wani bene, ya faɗo ta ƙugu. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe, ƙashi ya haɗe amma bai haɗe daidai ba. Ranar da za a sallame shi likita ya ce masa, "Hawa kuma sai dai ka tsaya a ƙasa ka kalli wasu suna yi." Ya ce to, don a lokacin ko daga gadon asibitin ba ya iya saukowa shi kaɗai.

Ya yi watanni a gida yana kallon silin. Mai ɗakinsa tela ce, ita ta riƙe gidan da kekenta, tana takawa yana ji kamar a ƙirjinsa ake takawa. Ƙanensa, wanda suke aiki tare, ya ci gaba da amsa kiran mutane. Ƙanen nan akwai ƙarfi, akwai riƙon amana, dogon bene ba ya ba shi tsoro, sai dai ido ne babu. Neman yoyo kuwa aikin ido ne, domin ruwa yana shiga ta nan ya bi katako ya je ya ɗiga ta can. Sai ƙanen ya hau ya zagaya ya sauko ya ce, "Yaya, ni fa lafiya lau na gani," alhali matar gidan tana tsaye da bokiti a tsakiyar falo. A hankali kira ya fara raguwa.

Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, mai ɗaukar hoton taro ne, kuma shi ya fara kawo maganar jirgi. Ya zo da nasa wata yamma, ya tashe shi daga ƙofar gida, ya miƙa wa Mai Rufi waya. Sai ga rufin gidansa a tafin hannunsa, falle bayan falle, har da ƙusar da ta ɗago a kusa da indararo wadda ya jima yana zargi. Ya daɗe yana kallo. Daga baya ya tambaya ko abin yana da wuyar koyo ga mai furfura. Yadda aka yi aka sayi nasa labari ne daban, kuma mai ɗakinsa ta roƙi kada a saka shi cikin sanarwa.

Ita ce ta raɗa wa jirgin suna. Ranar da aka fara kunna shi a tsakar gida ya yi gaisuwarsa ta farko, tit, tit, tiiit, sannan farfela huɗu suka ɗauki zuuu, ya watsa mata yankakkun yadin da ta jera a ƙasa. Ta ɗago daga keke ta ce, "Wannan ai buzuzu ka kawo mana." Sunan ya zauna.

Marigayin ya yi rayuwa mai tsafta. Bai taɓa makara wurin aiki ba, bai taɓa cewa kansa na ciwo ranar Litinin ba, bai taɓa ɓacewa da tsakar rana ya dawo yana sakace haƙori ba. Abincinsa wuta, ita ma ba da yawa ba. Mai kunya ne, idan zai ƙetare gidan mutane idonsa gaba yake kallo. Bai taɓa leƙa tsakar gidan kowa ba sai sau ɗaya bisa kuskure, kuma an je har gida an ba da haƙuri. Yana da nasa rauni kamar kowa. Numfashinsa gajere ne, in ya ɗan jima a sama sai ya fara kuka a sauko da shi. Yana tsoron iska, yana tsoron shirwa, kuma akwai wata shirwa a bayan makarantar firamare da ta ɗauke shi abokin gaba har ƙarshen rayuwarsa.

A makarantar nan ne ya yi aikin da aka fi tuna shi da shi. Bayan wata guguwa shugabar makarantar ta kira a duba ajujuwa kafin yara su dawo daga hutu. Daga ƙasa komai daidai yake. Buzuzu ya hau ya nuna wani fallen kwano da ƙusa ɗaya tak ta riƙe, a daidai saman ƙofar da yara suke layi da safe. Aka sauke fallen a ranar. Shugabar ba ta san yadda ake gode wa jirgi ba, sai ta shafa bayansa da yatsa biyu kamar kan jariri.

Amma babban alherinsa a gida ya yi shi, domin ya mayar wa mutum da sana'arsa. Mai Rufi ya koma fita da sassafe. Ya tsaya a inuwa da rimot a hannu, sanda jingine a cinya, yana kallon waya yana ba da umarni: "Falle na uku daga kusurwa, ɗaga shi, ruwan ta nan yake shiga." Ƙanen ya ɗaga, ya tarar haka ne. Aiki ya miƙe, kira ya dawo har ya fi na da. Mai Rufi yakan dawo gida da rigarsa fes, ya goge idon Buzuzu da gefen hula kafin ya wanke nasa hannun. Mai ɗakinsa ta daina zabura idan wayarta ta yi ƙara da rana. Wannan kaɗai, in ji ta, ya isa a yi masa shaidar arziki.

Ciwon ajali ta waya ya shigo. Wata safiya suna ƙofar gidan wani da ya kira su, an ajiye Buzuzu a ƙasa za a tashe shi, sai saƙo ya fito daga kamfanin da ya ƙera shi. Wai akwai sabuwar manhaja, wato sabon karatun da za a zuba masa a kai, kuma ba zai tashi ba sai an karɓa. A ƙarƙashin saƙon akwai dogon rubutu da ƙananan baƙaƙe, ana ja yana zuwa, ba shi da ƙarshe. Mai gidan yana tsaye yana duba agogo, ƙanen yana riƙe da tsani. Mai Rufi ya danna inda aka rubuta na yarda, kamar yadda ya sha dannawa a baya ba tare da wani abu ya faru ba. Wani koren layi ya cika a hankali. Buzuzu ya suma na ɗan lokaci ya farfaɗo, amma da ya farfaɗo muryarsa ta canza. Tit, tit kawai ya ce, ya haɗiye ta ukun.

Daga ranar bai ƙara zama daidai ba. Ya fara karkata hagu a sama, har ƙanen ya ce ya koyi tafiyar maigidansa, aka yi dariya, domin a lokacin abin bai kai na kuka ba. Sai ya fara ruɗewa. Ya ce batirinsa cike yake, kafin a ƙifta ido ya ce saura ƙiris ya mutu. Ya zauna a tsakiyar unguwar masu walda ya dage a kan cewa kusa da filin jirgin sama yake, doka ta hana shi tashi, alhali tun da aka kafa unguwar babu abin da ya taɓa sauka a nan sai tattabaru. In an ce ya dawo gida, sai ya nufi wani wuri daban da saurinsa, kamar wanda ya tuna da wani gidan da ya fi wannan.

An yi masa iya ƙoƙari. An kai shi wurin mai gyaran waya na bakin kasuwa, mutumin da ya ta da matattun wayoyi ba adadi. Ya kwance shi, ya hura, ya auna, ya mayar ya ɗaure. Ya ce, "Baba, jikinsa ƙalau yake, ya fi ni lafiya. Ciwon a kai ne, kan kuma a kulle, makullin yana hannun masu shi."

"Ai ni ne mai shi," in ji Mai Rufi.

Mai gyaran ya dube shi, ya mayar da sukudireba aljihu.

An kira kamfani. Aka sa wa Mai Rufi kiɗa a kunne har wayar ta yi zafi, sannan wata yarinya mai ladabi ta ce ya kashe ya kunna. Ya ce ya yi. Ta ce ya sake. Ya tambaya ko za a iya cire sabon karatun a mayar masa da tsohon, wanda yake lafiya da shi. Ta ce ba a komawa baya, amma suna godiya da ya zaɓi kamfaninsu, kuma akwai gyara yana nan tafe. Gyaran ya iso bayan 'yan makonni. Aka zuba masa, ya ɗan yi kamar ya samu sauƙi, har aka fara yi wa juna barka.

Ranar rasuwar iska ta ɗauke, ko ganye ba ya motsi, hadari yana haɗuwa can nesa ta gabas. Wani ɗan kasuwa ne ya kira, rufin ɗakin ajiyarsa yana yoyo a kan buhunan siminti. Buzuzu ya tashi lafiya, ya hau sama da ginin, ya tsaya cak yana aiko da hoto mai kyau kamar zamanin ƙuruciyarsa. Mai Rufi har ya buɗe baki zai ce ga wurin. Sai hoton ya daskare. Sai zuuu ɗin ya ɗauke, farfela huɗu suka tsaya lokaci guda. Shirun bai daɗe ba, amma waɗanda suke wurin sun ce sun ji shi. Sannan ƙwaram a kan kwano, ya gangaro yana ƙarar gwangwani, ya wuce indararo, ya faɗo gindin katanga. Da ƙanen ya isa wurin, jar fitilarsa tana ƙiftawa. Ya ce tit sau ɗaya, fitilar ta mutu. Ƙanen ya tattara shi a gaban riga ya kawo, ya tarar da yayansa har yanzu yana tura sandar rimot sama da babban yatsa.

Hadari kuwa bai tsaya jiran makoki ba, siminti ma haka. Ƙanen ya hau ya duba ya sake dubawa, bai ga komai ba. Mai Rufi ya ajiye sandarsa, ya kama tsani. Ya hau a hankali, ƙafa mai lafiya a gaba, ɗayar yana jawo ta. Ya gano wurin, aka toshe kafin ruwa ya sauko. Da ya koma gida, tsatsar kwano da ke gwiwoyin wandonsa ta riga shi magana. Mai ɗakinsa ta tsayar da keke.

"Ka hau," ta ce.

"Na hau."

"Me likita ya ce maka?"

"Likita bai ga hadarin da ya haɗo ba."

Ta dube shi, ta dubi ledar da ƙanen ya ajiye a bakin ƙofa, farfela ɗaya ta leƙo waje. Ta tashi ta ɗora ruwan gashi. Tun daga ranar kusan kullum sai ta ɗora shi.

Ba su daɗe ba suka gane ba su kaɗai aka yi wa rasuwa ba. Jirgin surukin ma ya faɗa tafki ana tsakiyar ɗaukar hoto. Surukin ne ya saka Mai Rufi cikin wani zaure na waya inda masu irin wannan rashi suka taru, kowa da hoton gawarsa. Akwai wata manomiya da nata ya faɗi a tsakiyar gonar masara sai da ƙyar aka gano shi, akwai mai awon filaye, akwai wani malamin makaranta mai ritaya da ba ya komai da nasa sai kallon tsuntsaye. Duk ciwo ɗaya, duk bayan sun danna na yarda. Wata lauya mai kare haƙƙin masu saye ta tara su a ofishinta, ƙaramin ɗaki a saman kantin magani. Ta ce in kowa ya tafi shi kaɗai kamfani ko kallonsa ba zai yi ba, amma in suka yi masa taron dangi a ƙara ɗaya, dole ya zo ya amsa. Ta karɓi gawawwakin don a kai wa kotu. Mai Rufi ya miƙa tasa da hannu biyu, yana tsammanin rabuwar ɗan lokaci ce.

Zaman farko ɗakin kotu ya cika har da na tsaye. Mai Rufi ya sa sabuwar riga. Kotun tana hawa na biyu, lif kuma ya lalace tun kafin wasu lauyoyin su gama makaranta, sai ya ja ƙugunsa matakala bayan matakala ya isa yana haki. Kafin guminsa ya bushe aka ɗage zaman, wai sammaci bai isa hannun wanda ya dace ba. Zama na gaba babban lauyan kamfani ya yi tafiya. Na gaba aka yi wa alƙali canjin wurin aiki, sabon ya ce a faro daga farko. Na gaba ƙwararren da zai yi bayani ta bidiyo ya bayyana a allo, bakinsa yana motsi babu murya, aka yi ta taɓa wayoyi har lokaci ya ƙare. Kowane zama benci yana ƙara fili. Mai awon filaye ya sayi wani jirgin ya daina zuwa. Malamin mai ritaya ya kwanta rashin lafiya, ɗansa ya zo sau ɗaya a madadinsa, daga nan shiru. Sabuwar rigar ta koɗe a wuya.

A nan ne Mai Rufi yake ganin marigayin, a kan teburin gaban alƙali, ana kiransa da lamba. Ledar ta yage a gefe, ƙura ta shiga ta kwanta a kan idonsa. Sau ɗaya lokacin hutu Mai Rufi ya matsa ya cire hula zai goge, magatakarda ya ce, "Baba, ba a taɓa shaida." Ya mayar da hularsa ya koma ya zauna.

Da ranar ba da shaidarsa ta zo, lauyan kamfani ya miƙe, mutum mai taushin murya, ya gaishe shi da girmamawa, har ya tambaye shi ya ƙafa.

"Baba, kafin ka danna, ka karanta sharuɗɗan?"

"Ban karanta ba."

"Amma ka danna na yarda."

"In ban danna ba, ba zai tashi ba."

"Na ji. Tambayata dai, ka danna ko ba ka danna ba?"

"Na danna."

"Ranar da ya faɗo, akwai iska?"

"Babu."

"Ka auna?"

"Ban auna ba. Na dai ga rigata ba ta motsa ba."

Lauyan ya yi murmushi, ya ce shi ke nan, ya gode. Aka rubuta. Mai Rufi ya jima yana shirya abin da zai faɗa game da makarantar firamare da fallen kwano, da yadda ya koma hawa tsani da ƙarfe a ƙugu. Ba wanda ya tambaye shi. Ya sauko matakala da maganarsa a ciki, ya hau motar haya ya kai ta gida.

A tsakanin zaman kotu aiki bai tsaya ba, hawa ma bai tsaya ba. Yakan ce wannan ne na ƙarshe, sai a sake kira. Har wata rana a gidan wani mai burodi, yana saukowa, ƙafar ta ƙi karɓar umarni. Ta zame daga tsanin, ya rataye da hannu ɗaya, takalminsa ya faɗo ƙasa. Mai burodin ya kama tsanin, ƙanen ya hau da gudu ya tallafe shi da kafaɗa, suka sauko tare kamar masu ɗauke da katifa. Bai ji ciwo ba sai ɗan gurjewa a hannu. Suka zauna a gindin bango, ba mai kallon wani. Can ƙanen ya ce, "Yaya, in ka sake hawa ni zan bar aikin. Sau ɗaya na kai wa Anti irin wannan labari, ba zan kai na biyu ba." Tun suna yara bai taɓa gindaya masa sharaɗi ba. Mai Rufi ya sa takalminsa, ya ce su tattara kaya. Daga nan ya riƙa ce wa masu kira su ƙara haƙuri, shari'a ta kusa, za a ba shi wani jirgin mai lafiya. Wasu suka jira, yawancinsu suka nemi wani kafintan.

A ƙarshe ba a yanke hukunci ba, sulhu aka yi. Lauya ta kira waɗanda suka rage zuwa ofishinta, kujeru suka ishe su har da saura. Ta rame, idonta ya faɗa, ta karanta musu abin da aka cim ma. Kamfani bai amsa laifin komai ba. Amma don kyautatawa zai ba kowannensu takardar rangwame idan zai sayi sabon samfuri, kuma ya janye wancan karatun, saboda haka jiragen da ba su riga sun faɗo ba sun tsira. Sharaɗin shi ne duk wanda ya sa hannu ba zai ƙara ambaton sunan kamfanin da mugun abu ba. Shi ya sa mai karatu zai ga babu sunan a wannan sanarwa.

Manomiyar ta ce ita ba za ta sa hannu ba, za ta ɗaukaka ƙara ko da ita kaɗai ce, kuma har yanzu tana kai. Mai Rufi ya tambaya kotun ɗaukaka ƙara a hawa na nawa take. Aka ce na huɗu. Ya ce a miƙo masa biro.

Lauya ta raka shi har bakin matakala, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, iya abin da na iya matsowa ke nan."

Ya ce, "Kin yi ƙoƙari, 'yata. Ki je ki huta."

Ya je kanti da takardar rangwamen, don kada a ce bai je ba. Aka fito masa da sabon, fari tas, ya fi marigayin kyau nesa ba kusa ba. Rimot ɗin tsohon ba ya yi masa, batir ma haka, komai sai sabo. Mai kantin yana cikin yabonsa ya ce wannan ba ya ma wahalar da mutum da tambaya, da kansa yake karɓar sabon karatu duk lokacin da kamfani ya aiko. Mai Rufi ya juya shi a hannu, ya mayar da shi cikin kwalinsa a hankali, ya yi godiya ya fito. Takardar ya ba surukinsa, wanda shekarunsa suka fi dacewa da sake gwadawa.

Gawar shi ya je ya karɓo da kansa. Magatakarda ya yanke lambar, ya ce yanzu yana iya taɓawa. Ya kawo ta gida ya ajiye a kan teburin ɗinki. Mai ɗakinsa ta buɗe kwalin, ta daɗe tana kallo.

"Ashe ƙarami ne haka," ta ce.

"Ƙarami ne."

Ta koma kan keke amma ba ta taka ba. Can ta ce, "Baban yara, ni fa ban taɓa son ƙararsa ba. Sai da ya tafi na gane lokacinsa ne kawai na yi ɗinki hankalina a kwance."

Ya ce, "Na sani. Ki kwantar da shi yanzu ma, na sauko ke nan."

Marigayin ya rasu ya bar rimot ɗaya, wanda har yanzu idan aka kunna shi yakan yi ta nemansa, da batura biyu, babban ya kumbura saboda zaman banza, ƙaramin yana nan da ransa. Ya bar caja, wadda ta samu wurin zama a wajen wayar matar gidan, da farfelar ajiya da ba ta taɓa ganin sama ba, da jakar da aka ɗinka masa daga ragowar labule. Ya bar hotunan rufin rabin garin nan a waya, waɗanda maigidansa yakan buɗe da rana ya duba, ya ce wancan gida bana sai ya yi yoyo. Ya kuma bar maigidan, da mai ɗakinsa, da ƙanensa, da jikokin da suka daina tambayar yaushe zai dawo.

Game da jana'iza, ga abin da iyali suka tsayar. Gwaggon Mai Rufi, wadda ita ce babba a dangi, ta ce ba za a yi wa roba da ƙarfe addu'ar mamaci tana raye ba, kuma an bi maganarta. Wanda ya zo da addu'a ya yi wa masu rai, sun fi buƙata. Ba za a binne shi ba, domin an ce batir ba ya son ƙasa, ƙasa ma ba ta son sa. Ranar Asabar da hantsi za a ɗauki gawar daga gida zuwa shagon mai gyaran waya. Zai cire injinan farfela biyu da suka tsira a kai wa manomiyar, ko za su yi wa wani jirgin nata amfani. Idon kuma za a dawo wa maigidan da shi, ya roƙi a bar masa. Abin da ya rage 'yan gwangwan sun yi alkawarin karɓa da mutunci, ba za su jefa shi a sikeli a gaban iyali ba.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su ce ai da ka karanta, an riga an faɗa masa a gaban alƙali. Kada a kawo hoton wani sabon jirgi da ake cewa ba ya lalacewa. Kada a tambayi yadda shari'a ta ƙare, abin da ke sama shi ne iya abin da aka yarda ya faɗa.

Za a karɓi gaisuwa a shagon Mai Rufi, bayan tasha, kusa da masu faci. Ƙanensa ba zai samu zama ba, domin daga wannan mako aikin sama ya koma hannunsa, an miƙa masa kayan aiki da lambobin masu kira, kuma ya ɗauki wani abokin aiki mai ido. Maigidan zai kasance a ciki, a kan benci, yana yankan kwano da lanƙwasa indararo ga masu hawa. Mai ɗakinsa ta ɗinka masa matashi saboda ƙugun. Wanda bai samu zuwa ranar Asabar ba kada ya damu kansa. Duk ranar da ya zo, zai tarar da shi a zaune.